DARASI NA BAKWAI: TATTARA ZANE DA HOTUNA DON KOYAR DA HAUSA

1.0 Gabatarwa

Yaro yakan fahimci hoto tun kafin ya iya haɗa baƙi da wasali. Masana harkar koyarwa sun daɗe da lura da haka. A shekarar 1658 John Amos Comenius ya wallafa Orbis Pictus, littafin karatun yara wanda ya haɗa kalmomi da zanensu, sannan a 1971 Allan Paivio ya bayyana cewa ƙwaƙwalwa tana adana bayani ta hanya biyu, wato ta kalma da ta sura. Wannan darasi zai duba wuraren da ɗalibi mai koyon aikin malanta zai tattara zane, da kuma siffofin da ke sa zane ya ja hankali. Za a kafa misali da ɗalibin da aka tura gwajin koyarwa a wata firamare da ke Gagarawa Tasha.

2.0 Muhimmancin Zane Ga Malamin Hausa

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Saboda haka ake samun kalmomi masu rubutu iri ɗaya amma ma'anarsu ta bambanta. Alal misali, akwai gari na zama da gari na tuwo, da kuka ta miya da kuka na hawaye, da fara ta ci da fara ta launi. Idan malami ya rubuta irin wannan kalma ita kaɗai a allo, zanen da ke gefenta ne zai nuna wa yaro yadda zai furta ta. Haka kuma zane yana taimakawa wajen rarrabe baƙaƙe masu ƙugiya, kamar a baki da baƙi. Ke nan zanen da bai fito sosai ba yana iya dasa kuskuren furuci da na ma'ana, kuma kuskuren da ya kama yaro a aji ɗaya yana da wuyar kankaruwa.

3.0 Wuraren Tattara Zane

(a) Muhallin makaranta. Layin dogon da ya haɗa Kano da Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa, don haka tasha da dogo ba baƙin abubuwa ba ne ga yaran wurin. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis tana tara raƙuma da shanu da tumaki. Hawan salla a Gumel yana nuna dawaki da kayan adonsu. Gonakin riɗi da zoɓo na yankin su ma abin ɗauka ne.

(b) Fasahar gargajiya. A nan akwai dagi da magina ke yi a bango, da aska biyu da aska takwas na babbar riga, da zanen ƙwarya, da zayyanar allo, da zanen lalle, da wanda ake yi a jikin manyan motoci.

(c) Littattafai da jaridu. Tsofaffin littattafan Kamfanin Gaskiya na Zariya, wanda aka kafa a 1945, da na NNPC da aka kafa a 1966, da bangon littattafan adabin kasuwar Kano, duk suna nuna yadda aka riƙa zana rayuwar Bahaushe.

(d) Waya da intanet. Suna sauƙaƙa aikin, sai dai wajibi ne a nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi hoto, a kuma kiyaye haƙƙin mai zane.

Ya kamata ɗalibi ya tanadi kundi, ya rubuta a ƙarƙashin kowane zane inda ya samo shi, da ranar, da kalmar da zai koyar da shi, da dalilin da ya sa ya burge shi. Rubuta dalilin shi ne ke horar da idon malami.

4.0 Siffofin Zane Mai Jan Hankali

(a) Kusanci da rayuwar yaro. Yaron Sule Tankarkar zai fi saurin kiran sunan raƙumi ko amalanke a kan jirgin ruwa.

(b) Sauƙi. Zane ɗaya ya ɗauki saƙo ɗaya. Idan aka zana kuka da akuya a gindinta, wasu yara za su ce akuya.

(c) Fitar layi da launi. Layi ya yi kauri yadda na bayan aji zai gani. Masu ɗinkin riga sun san wannan, shi ya sa aikin aska yake fitowa tun daga nesa.

(d) Daidaiton girma. Kada a zana kaza ta kai tsawon jaki.

(e) Motsi. Zanen mace tana daka ya fi na turmi shi kaɗai jawo magana, kuma da shi ake koyar da aikatau.

(f) Mutunta al'ada da addini. Sutura da zaman mutanen da aka zana su dace da tarbiyyar al'umma, domin zanen da iyaye suka ƙyamata ba zai daɗe a bangon aji ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa zane yana cike giɓin da rubutun Hausa ya bari, kuma mafi yawan abin da malami ke bukata yana nan kusa da makarantarsa. Kyan zanen koyarwa shi ne yaro ya kalle shi ya faɗi kalmar da ake nufi ba tare da an taya shi ba. Don haka ake son malami ya gwada kowane zane a kan yara biyu ko uku kafin ya shiga aji da shi.

Jinga

1. Kawo kalmomi biyar masu rubutu iri ɗaya da ma'ana daban, ka bayyana zanen da zai rarrabe kowace.
2. Tattara zane goma daga garinku, ka auna su da siffofi shida da ke sashe na 4.0.