Yadda Ake Naɗar Faifan Kiɗan Rok: Misali Daga "Machine Head"

Kafin kwamfuta ta shigo harkar kiɗa, naɗar faifai aiki ne na tef da wayoyi da kunnen injiniya. Faifan "Machine Head" na ƙungiyar Deep Purple ta Ingila, inda Ritchie Blackmore ke kaɗa jita, an naɗe shi ne daga 6 zuwa 21 ga Disamba 1971 a garin Montreux na ƙasar Suwizalan, ya kuma fito a Maris 1972. Ga matakan da irin wannan aiki ke bi.

1. Samo jigon kiɗa

A wannan salo mai ƙarfin amo, waƙa kan tsiro ne daga ɗan gajeren kiɗan jita da ake ta maimaitawa, baituka su biyo baya. "Highway Star" a cikin bas aka fara ta, kan hanyar zuwa wasa a Portsmouth a 1971, kuma a daren suka buga ta gaban jama'a. Kafin a kai ta gaban makirufo, 'yan kallo sun riga sun nuna musu inda take da daɗi da inda take da sanyi.

2. Zaɓen ɗaki

Kowane ɗaki da irin amsa-kuwwarsa, tef kuwa duk yana kwashewa. Su Blackmore amon dandali suke so, don haka suka yi hayar babbar motar naɗar sauti ta ƙungiyar Rolling Stones, da niyyar aiki a zauren gidan cacan Montreux. Ranar 4 ga Disamba, makaɗi Frank Zappa na cikin wasa a zauren, wani ɗan kallo ya harba bindigar tartsatsi a rufi, ginin ya ƙone ƙurmus. Claude Nobs, mai shirya bikin kiɗan jaz na garin, ya samo musu gidan wasa na Pavilion, sai maƙwabta suka kai ƙarar hayaniya wurin 'yan sanda. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki: a ƙarshe suka tare a wani lungu na otal ɗin Grand, wanda babu baƙi a cikinsa saboda hunturu.

3. Shirya wuri da dasa makirufo

Katifun otal suka jingina don su shanye amo. A nisanta lasifikar kowane makaɗi da ta ɗan'uwansa, kada sautin wani ya kwarara cikin makirufon wani. Blackmore jita ƙirar Fender Stratocaster yake kaɗawa ta na'urar ƙara sauti ta Marshall, a murɗa ta sosai har amon ya yi kaushi. Wannan kaushi shi ne ake nema. Abokin kiɗansa Jon Lord ma ta Marshall yake fitar da sautin ogan ɗinsa ƙirar Hammond, shi ya sa kiɗansa da na jita ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Wayoyi duka su zarce waje zuwa cikin mota, inda injiniya Martin Birch ke zaune gaban tef mai layi 16, kowane layi da abin da yake ɗauka.

4. Ɗaukar gindin waƙa

A nan aikin yake. Ian Paice a kan ganguna, Roger Glover da jitar bes, Lord da Blackmore, duk su buga a lokaci guda. Wanda ya yi tuntuɓe, kowa ya koma farko. A al'ada, bayan kowace ɗauka akan je a saurara. To amma a otal ɗin, kafin mutum ya kai ga motar sai ya ratsa ɗakuna, ya tsallaka baranda, ya fita cikin sanyi. Da suka gaji da zirga-zirga, sai suka rage sauraro, suka dogara da abin da jikinsu ya gaya musu yayin bugawa. Zafin da ake ji a faifan har da wannan a ciki: babu damar goge-goge har waƙa ta yi lami.

5. Ɗora jita da murya

Idan gindi ya zauna, sai a cike layukan da suka rage. Makaɗin jita ya sa abin sauraro a kunne, ya bi abin da aka naɗa, ya ɗora kiɗansa na kaɗaici. Blackmore ya saba kaɗa abin da ya zo masa nan take, amma na "Highway Star" zama ya yi ya tsara shi daki-daki bisa salon Bach, sannan ya sake ɗora wani layin a kai, sautuka biyu suna jituwa. Murya kan zo a ƙarshe. Kiɗan "Smoke on the Water" tun a Pavilion aka ɗauke shi. Daga baya mawaƙin ƙungiyar, Ian Gillan, ya rera labarin gobarar a kansa.

6. Haɗa sauti

Layuka 16 ɗin nan sai an matse su zuwa biyu, na dama da na hagu. Injiniya ya ɗaga wannan, ya sauke wancan, duk da hannu, tef na gudu. Idan akwai abin cirewa, reza ake sa wa tef ɗin a yanke, a liƙe.

7. Jerawa da buga faifai

Fuskar faifan garmaho ɗaya ba ta cika ɗaukar abin da ya wuce minti 20 da 'yan kai ba, sai a raba waƙoƙi da lissafi. Nan huɗu suka hau fuskar farko, uku ta biyu. Allura ta zana sautin a kan faifan asali, a yi masa zubin ƙarfe, da shi ake danna dubban kwafi a masana'anta.

Saura zaɓen waƙar da za a tura gidajen rediyo, kuma a nan ko masu kiɗan kan yi kuskuren hasashe. "Never Before" suka fara fitarwa, ba ta yi wani tashe ba. Faifan kansa ya hau matsayi na 1 a Birtaniya. "Smoke on the Water", wadda ba su ɗora wa buri ba, sai a 1973 aka fitar da ita ita kaɗai a Amurka, ta kai matsayi na 4.