Me Ya Sa Ake Cewa A Dawo Ranar Allura?

Wata mai sauraronmu daga Adjamé ta ce ta kai jaririnta rigakafin tarin fuka, aka ce ta dawo wata rana. Shin maganin ya ƙare ne?

To Hajiya, ba lallai ba. Allurar tarin fuka, wato BCG, gari ce a 'yar kwalba, yawanci ta jarirai 20. Da zarar an haɗa ta da ruwanta, awa 6 kawai take yi, sai a zubar da ragowar. Shi ya sa ake tara jarirai rana guda.

Kuma maganin ya sha tafiya. UNICEF ke sayo yawancinsa, jirgi ya sauke shi a Abidjan, ya shiga ɗakin sanyi, sannan firji da kula, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Haka ma allurar zazzaɓin cizon sauro R21, wadda Kodebuwa ta riga kowa fara yi a Yulin 2024.

In kin koma, dubi kwalbar. Akwai ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiya. In murabba'in ya yi duhu kamar da'irar, zafi ya lalata maganin. Don ƙarin bayani, cibiyar kiwon lafiya ta INHP tana Treichville. Kar dai a manta katin yaro.