Yadda Dusar Ƙanƙara da Danginta Suke Samuwa

Gabatarwa

Hunturunmu lokaci ne na bushewa da hazo. A ƙasashen sanyi kuwa, irin su Kanada da Rasha, sama takan zubo da ruwa a daskare ta fuskoki uku. Yana da kyau ka san su, domin ka iya bambanta su da ƙanƙarar da ke ɓata mana shuka.

Tushen lamarin

Ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas. Galibi dukkan ukun sukan faro daga gajimare a matsayin ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara. Abin da ke raba su shi ne ɗumi ko sanyin iskar da suka ratsa kafin su iso ƙasa.

1. Dusar ƙanƙara: Idan iska tana da sanyi tun daga gajimare har ƙasa, ƙwayoyin ba sa narkewa, sai su sauko kamar auduga. Takan lulluɓe alkamar hunturu, ta kare ta daga tsananin sanyi.

2. Tsakuwar ƙanƙara: Ƙwayoyin sukan narke a cikin iska mai ɗumi, sannan su ratsa iska mai sanyi mai kauri, su sake daskarewa tun suna sama.

3. Ruwa mai daskarewa: Idan iskar sanyin da ke dab da ƙasa ba ta da kauri, ruwan yakan iso a narke, ya daskare a kan duk abin da ya taɓa. Wannan ya fi ɓarna. A watan Janairun 1998 ya karya bishiyoyi da turakun lantarki a gabashin Kanada.

Ƙanƙarar da muka sani

Wadda ke faɗowa a wurare irin su Jos ta damina ce. Iska mai ƙarfi a cikin hadari ke ɗaga ɗigon ruwa sama, ya daskare, ya yi ta ƙara kauri har nauyi ya sauko da shi.

Shawara

Idan ƙanƙara ta yayyaga maka masara, kada ka yi gaggawar sake shuka. Kafin masara ta kai ganye 6, idon tsironta yana cikin ƙasa. Ka dakata kamar mako guda. In ka ga sabon ganye yana fitowa daga tsakiya, shukar za ta farfaɗo.