Jijiyoyin Saƙo: Na Sassan Jiki da Masu Sarrafa Kansu

Kalmar “jijiya” tana ɗauke da ma’ana fiye da ɗaya a Hausa. Hanyar da jini yake bi jijiya ce, haka ma igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, kamar ta agara. Wannan darasi ya shafi nau’i na uku ne, wato jijiyoyin saƙo, waɗanda suke sadar da ƙwaƙwalwa da laka da sauran sassan jiki. Wajibi ne malami ya fara rarrabe wa ɗalibansa waɗannan ma’anoni, in ba haka ba sai ya gama bayani suna zaton jini yake nufi.

Jijiyoyin Sassan Jiki

Idan muka ɗauki ƙwaƙwalwa da laka a matsayin fada, to waɗannan jijiyoyi su ne jakadu. Guda 12 a dama da 12 a hagu suna fitowa daga ƙwaƙwalwa, sannan 31 a kowane gefe suna fitowa daga laka ta tsakanin ƙasusuwan baya. Wasu suna kai rahoton zafi da sanyi da taɓawa, wasu kuma suna dawo da umarni zuwa ga tsoka. Wani lokaci ba a jiran ƙwaƙwalwa: wanda ya taka garwashi yakan ɗauke ƙafa kafin ya san ya ƙone, domin laka ce ta yanke hukunci.

Ba a cika sanin darajarsu ba sai sun lalace. Ƙwayar cutar kuturta waɗannan jijiyoyi take kamawa, sai mutum ya daina jin ƙuna ko sukar ƙaya. Raunukan da ba a ji ba, balle a kula da su, su ne suke cin yatsu a hankali. Ciwon sukari da ya daɗe shi ma yakan kashe jin tafin ƙafa.

Masu Sarrafa Kansu

A cikin jijiyoyin sassan jiki akwai rukunin da ba ya neman izininmu. Shi ne yake kula da bugun zuciya da narkar da abinci da gumi da faɗin ƙwayar ido, ko muna barci. Ya kasu kashi biyu. Na farko, wanda za mu kira sashen ko-ta-kwana, yana shirya jiki don faɗa ko gudu: zuciya ta ƙara sauri, jini ya karkata zuwa tsoka, hanji ya sassauta aiki, baki ya bushe. Na biyu, sashen natsuwa, shi ke mayar da jiki daidai. Babban jakadansa ita ce jijiya ta 10 daga ƙwaƙwalwa, wadda ta ratsa wuya ta isa zuciya da huhu da tumbi. A shekarar 1921 masanin nan Otto Loewi ya gwada ta a zuciyar kwaɗo, ya tabbatar cewa wani sinadari take fitarwa da yake rage bugun.

Bahaushe ya daɗe da lura da aikin sashen farko, ko da bai sa masa suna ba. “Gabana ya faɗi” da “tsikar jikina ta tashi” duk bayaninsa ne. Wannan kuwa ya shafi aji kai tsaye. Yaron da aka daka wa tsawa, aka tsaya a kansa da bulala, yana iya sanin amsa sarai amma bakinsa ya bushe, muryarsa ta yi rawa. Sau da yawa akan kira wannan taurin kai ko daƙiƙanci, alhali yaron ba shi da iko a kan abin da jikinsa yake yi. Ƙara tsawa ƙara ingiza sashen ko-ta-kwana ne. Abin da ya rage a hannunsa shi ne numfashi, kuma fitar da shi a hankali yana taimaka wa zuciya ta lafa. Ɗalibi-malamin da tafin hannunsa ya jiƙe da gumi ranar da mai dubawa ya shigo masa aji a lokacin koyarwar gwaji, shi ma zai amfana da wannan.

Jinga

Kawo maganganun Hausa guda biyar da suke bayyana tsoro ko fargaba, sannan ka nuna abin da yake faruwa a jiki a kowace.