Ganuwar Kano: Wa Ke Da Ikon Taɓa Ta?

Jama'a, akwai dukiyar da ba a rabon gadonta, domin ta kowa ce. Ganuwar birnin Kano tana cikin irinta. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashinta. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, wasu sarakuna ma suka ƙara bayansa. Da Turawa suka zo a 1903 sun tarar da ita tsaye, kowace ƙofa da ƙyaurenta da sarkinta. Yau wanda ya bi titi daga Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Gadon Ƙaya zai ga inda ta zama tudun ƙasa, da inda ta zama juji, da inda shaguna suka hau kanta suka zauna daram.

To, shin babu doka ne? Akwai. Tun 1953 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar kare kayan tarihi, sannan a 1979 aka zartar da doka mai lamba 77 wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Abin da ta tanada a taƙaice shi ne, duk wurin da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa, ba a rushe shi, ba a haƙa shi, ba a sauya masa kama sai da izinin hukumar. Ganuwar tana cikin wuraren da aka ayyana, haka ma Gidan Makama. A 2007 kuma Najeriya ta sa ganuwar, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Sarki, cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta karɓa. Har yanzu suna layin jira, alhali Sukur ta jihar Adamawa ta shiga tun 1999.

Ga inda gizo ke saƙar. Hukumar da ke da ikon cewa "kada a taɓa" ta tarayya ce, amma ƙasar da ganuwar ke kai tana hannun jiha, domin dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birane ga gwamna. Shi ke sa hannu a takardar mallaka. Izinin gini kuma hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ke bayarwa. Saboda haka mutum na iya riƙe takarda mai hatimi a kan filin da wata doka ta haramta gini a kansa, ya kuma rantse bai yi laifi ba. Tarar da ke cikin dokar tarayya ma da kuɗin 1979 aka yanka ta, ba ta razana mai gina jerin shaguna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kai, wani lokaci hukuma ce da kanta ke ɗaukar gatarin: a 2010 an rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka sake gina wata a gurbinta. Sabuwar ta fi faɗi, motoci sun ji daɗi, amma ba ita ce wadda kakanni suka ratsa ba.

Wannan ne ya sa biranen da suka yi nisa a harkar ba su dogara ga gwamnatin tsakiya kaɗai ba. A New York ta Amurka an fara rushe katafariyar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a 1963, mutane suka yi ta takaici, sai majalisar birnin ta yi tata dokar a 1965, aka ɗora wa wata hukuma ta birnin duba kowane gyara kafin a taɓa tsohon gini. Masu wata tashar suka kai ƙara cewa an tauye musu dukiya, Kotun Ƙoli ta ba birnin gaskiya a 1978.

Kada ma mu yi nisa. Agadas ta shiga jerin UNESCO a 2013, kuma ba hasumiyar masallacinta mai tsawon mita 27 kaɗai aka rubuta ba, tsohon garin ne dungum, da fadar Sarkin Abzin da unguwanninsa da lungunansa. Wannan shi ne ma'anar keɓe yanki. Ana shata iyaka a taswira, a ƙara wani zagaye a bayanta inda ake taƙaita tsayin gini, sannan a faɗi irin kayan da aka yarda a yi aiki da su a ciki. Hikimar a fili take. Marinar Ƙofar Mata, da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, idan aka bar ramukan amma aka kewaye su da benaye, aka toshe hanyar da masu bugu da masu saye ke bi, sana'ar za ta mutu ko da ba a cike rami ko ɗaya ba.

Sai dai a yi wa mai gida adalci. Wanda ya gaji soro na ƙasa a Fagge ko a cikin birni yana da iyali, kuma damina ba ta jiran takardar ofis. Ginin tubali yana son yaɓe a kai a kai, azara ta yi tsada, maginan da suka iya haɗa makuba sun ragu. Idan doka ta ce masa kada ka sa bulo, kada ka sa kwano, sannan ba ta taimaka masa da komai ba, zai bar ginin ya faɗi da kansa, ya ce ikon Allah. Kuma sakaci da tsohon gini ba asarar tarihi kaɗai yake jawowa ba: a watan Agusta na 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. A ganina dokar da ta hana rushewa amma ta yi shiru kan kuɗin gyara da binciken lafiyar gini, rabin doka ce.

A da, gyaran ganuwa aikin gayya ne, bayan damina ake fita a cike inda ruwa ya ci. Ba za a dawo da wannan yadda yake ba, amma mai unguwa da dagaci suna nan, kuma su ne suka san wanda ke zuwa da amalanke da daddare yana ɗibar ƙasar badala. Ya kamata majalisar jiha ta shata iyakar ganuwar a taswirar da kowa zai iya gani, ta hana ofishin filaye ba da takarda a cikinta, ta kuma sa masarauta da maginan gargajiya cikin masu duba neman izini.

Kai kuma mai karatu, idan dillali ya nuna maka fili a gindin badala da araha, kada ka biya ko sisi sai ka je hukumar tsara birane da ofishin kayan tarihi da ke Gidan Makama ka tambaya. Ka nemi amsar a rubuce, ka ajiye ta tare da sauran takardun filin.