Shin Littafin da Na Saya ta Intanet Mallakina Ne?

Wani mai sauraronmu daga Katsina yana tambaya: littafi ko fim ɗin da mutum ya saya ta intanet, shin ya zama mallakinsa, har ya iya rarraba wa jama'a?

To, Malam, Allah ya ƙara basira. Ko da yake ka biya kuɗinka, galibin kamfanoni izinin karatu ko kallo kawai suke ba ka bisa sharuɗɗan da ka amince da su, mu'amalar da ta fi kusa da ijara (haya) a wurin malaman fiƙihu fiye da bai'i (ciniki). Hujja kuwa, a watan Yulin 2009 kamfanin Amazon na Amurka ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin karatu na Kindle na waɗanda suka saya, ya mayar musu da kuɗinsu, saboda wanda ya ɗora shi ba shi da haƙƙin sayarwa. A ganina wannan tauye haƙƙin mai saye ne ƙwarai. Sai dai hakan bai halatta maka kwafa kana tura wa mutane ba, domin irin wannan satar fasaha tana cikin abubuwan da suka durƙusar da cinikin faifan finafinan Hausa a Kano.