DARASI NA BAKWAI: RA'AYIN TOCQUEVILLE KAN 'YANCI, ADDINI DA HAƊARIN DIMOKURAƊIYYA

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wannan karin magana ya dace da tsarin dimokuraɗiyya, inda ra'ayin mafi rinjaye ke zama doka. To, amma idan sarkin yawa ya yi zalunci, wa zai tsawata masa? Wannan darasi zai duba amsar da wani masani Bafaranshe, Alexis de Tocqueville (1805-1859), ya bayar.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

Tocqueville ya fito ne daga gidan sarauta wanda juyin juya halin Faransa na 1789 ya ɗaiɗaita. A shekarar 1794 aka fille wa kakan mahaifiyarsa kai, aka kuma ɗaure iyayensa, da ƙyar suka tsira. Saboda haka ya tashi da sanin cewa ana iya zubar da jini da sunan talakawa. A 1831 ya tafi Amurka tare da abokinsa Gustave de Beaumont don nazarin gidajen yari, suka yi wata tara suna zagayawa. Abin da ya gani shi ya haifar da littafinsa kan dimokuraɗiyya a Amurka, wanda ya fito kashi biyu, a 1835 da 1840.

3.0 Haɗarin Dimokuraɗiyya

Tocqueville ya yarda cewa zamanin daidaito tsakanin mutane ya zo, babu mai iya mayar da shi baya. Sai dai ya hango haɗari iri biyu.

Na farko shi ne zaluncin masu rinjaye. A ganinsa, masu rinjaye su ne ke zaɓen majalisa da shugabanni, su ne kuma ra'ayin jama'a. Don haka wanda suka zalunta ba shi da wurin kai kuka. Ya kawo misalin birnin Baltimore a 1812, lokacin yaƙin Amurka da Ingila. Wata jarida ta soki yaƙin, sai jama'a suka farfasa maɗaba'arta. Aka kai mutanen jaridar kurkuku don a kare rayukansu, amma cikin dare aka fasa kurkukun, aka kashe ɗaya daga cikinsu, kotu kuma ta sallami waɗanda aka tuhuma. Haka nan a jihar Pennsylvania an shaida masa cewa baƙaƙen fata 'yantattu suna da ikon jefa ƙuri'a a doka, amma tsoro ya hana su zuwa rumfar zaɓe.

Na biyu shi ne halin kowa tasa ta fisshe shi. Idan kowa ya duƙufa ga neman abin kansa, ya bar sha'anin jama'a, gwamnati za ta karɓe komai sannu a hankali, ba tare da bulala ba, har jama'a su koma tamkar garke a hannun makiyayi.

4.0 Matsayin Ɗabi'u da Addini

Tocqueville ya auna abubuwa uku da suka riƙe dimokuraɗiyyar Amurka: yanayin ƙasa, da dokoki, da ɗabi'un mutane. Ya nuna cewa dokoki sun fi yanayin ƙasa tasiri, ɗabi'u kuwa sun fi dokoki. Hujjarsa ita ce ƙasar Meziko ta kwaikwayi tsarin mulkin Amurka, amma ba ta sami zaman lafiya irin nata ba, domin rubutun kawai ta ɗauka.

A nan ne addini ya shigo. Doka na iya ba masu rinjaye damar yin abin da suka ga dama, amma addini yana koya wa mutum cewa akwai iyakar da ba a ƙetarewa, ko da duk gari ya yarda. Saboda haka ya ce mulkin danniya na iya tafiya ba tare da imani ba, amma 'yanci ba zai iya ba. Abin da ya ba shi mamaki shi ne, malaman coci da ya zanta da su sun danganta ƙarfin addini a Amurka da raba shi da gwamnati. A Faransa, inda coci ya jingina da fada, da sarauta ta faɗi sai ƙiyayyar jama'a ta shafe shi.

Ban da addini, ya ambaci mulkin ƙananan garuruwa, da ƙungiyoyin sa-kai, da 'yancin jarida, da shigar talakawa cikin yanke hukunci a kotu. Waɗannan su ne makarantun da ke koya wa mutum cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5.0 Sharhi

Masana sun lura cewa addinin da ya yaba bai hana bautar da baƙaƙen fata ba, wadda sai a 1865 aka soke ta, bai kuma hana korar 'yan asalin ƙasar daga gidajensu ba. Shi kansa ya yi Allah wadai da waɗannan, amma daga baya ya goyi bayan mamayar da Faransa ta yi wa Aljeriya. Wannan ya nuna cewa mai wa'azin 'yanci ma na iya taƙaita shi ga mutanensa.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, Tocqueville ya nuna cewa ƙuri'a kaɗai ba ta tabbatar da 'yanci. Sai an sami al'umma mai tarbiyya, wadda ke ganin haƙƙin marasa rinjaye, kafin mulkin jama'a ya zama alheri.

7.0 Auna Fahimta

1. Mene ne zaluncin masu rinjaye? Kawo misali ɗaya daga darasin.
2. Me ya sa Tocqueville ya fifita ɗabi'u a kan dokoki?
3. Kawo karin maganar Hausa guda biyar da suka shafi mulki da adalci, ka bayyana ma'anarsu.
4. Rubuta insha'i mai shafi biyu a kan taken: "Yawa ba shi ne gaskiya ba."